Jaririyar Tsakiyar Kogi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ratsa ta da koguna, ya bar wa mutane wahalar ja mata iyaka. Ku matso ku ji, na kusa da na nesa, masu ilimi da irina masu ɗan abin da ba a rasa ba. Ni ce Tabawa mai kitso, mutuniyar ƙasar Darzuma da ke yamma da Kogin Kwaranga, can inda rana ke faɗuwa bayan duwatsun gishiri. Ni mace ce mai tsoro, ko tsawa aka yi sai in ruga ɗaki. Amma na yi kwana talatin da uku ina yawon duniya saboda wata 'yar mitsitsiyar halitta da ba ta ma san ina yi ba.

'Yata ta fari, wadda muke kira Yelwa a gida, tana aure a Kilbasa, ƙasar da ke gabas da kogin. Da cikinta ya tsufa na haye in ɗauko ta, ta haihu a gabana kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Uwar mijinta, Yaya Kandala, ta ce sai ta raka mu. Doguwar mace ce mai murya kamar kakaki, ta girme ni da shekara goma, kuma ba ta taɓa yarda wani ya fi ta iya komai ba.

Faɗin Kwaranga wuni guda ne a kwalekwale. Muna tsakiya naƙuda ta taso. Mai fito ya karkata da mu zuwa wani tsibirin rairayi da kogi ya fitar a ranin nan, wanda ko bara babu shi. Muka kafa zannuwa muka kare ta, kafin la'asar Yelwa ta sauka lafiya. Mace ce, jawur, da gashi har goshi.

A nan na yi ɓarnar. Hannuna ya riga tunanina. Na wanke mabiyiya, na tona rami, na binne ta, don uwata ta koya mini ba a barinta ta sha iska.

Mai fito ya ɗora hannu a ka. "Inna, me kika yi?"

Sai a lokacin na tuna. A ƙasashen nan biyu, mutum ɗan ƙasar da aka fara binne mabiyiyarsa ne, ko an tono ta daga baya ba ya canzawa. Shi kuma mai fito ya yi rantsuwar faɗin duk abin da ya gani a ruwa.

Muka nufi gaɓarmu. Barden da ke tsaron Darzuma, wanda ni nake yi wa matarsa kitso, ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna Tabawa, ke da mai jego ku sauka, gida naku ne. Jaririya kuwa ba tamu ba ce. In ƙafarta ta taɓa ƙasa, doka ta ce in kai ta Gidan Marasa Ƙasa, can bayan hamada, a rene ta ba uwa ba uba." Barden Kilbasa ma abin da ya faɗa ke nan, har da hawayensa, don abokin mijin Yelwa ne. Haka muka koma kan rairayi.

Mai fito ya ce, "Da zarar ruwa ya sauka a tsaunukan arewa, tsibirin nan nutsewa zai yi. Kwana arba'in in Allah ya taimaka. Amma akwai Birnin Mizani, inda aka tara littattafan shari'a na duniya. Ƙila a can akwai mafita."

Yaya Kandala ta dube ni. "Ke ce kika yi karatu, ke za ki tafi. Ni zan zauna da su."

"Yaya, shekara uku fa kawai na yi a gaban malam. Da yatsa nake bin baƙi."

"Ni ko kwana uku ban yi ba. Tashi, kina tsaye kina murza zani kamar wadda aka kama da satar daddawa."

Na leƙa fuskar jaririyar. Na so in rungume Yelwa, kunyar 'yar fari ta hana ni, sai na gyara mata ɗankwali kawai na ce ta riƙa rufe ƙirjinta.

Na bi ayarin fatake masu hawan jimina. Wanda bai taɓa hawa jimina ba kada ya yi marmari. Na ɗaure kaina da gyale a wuyanta, na rufe ido, duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har ta shiga kasuwa. Kwana tara muka isa.

Birnin Mizani ganuwarsa ta farin dutse ce, kuma a tsakiyarsa akwai Zauren Tarihin Shari'a. Littattafan ciki kowanne tsawonsa ya kai ƙofar gari, maza biyu ne ke jan igiya kafin a buɗe shafi ɗaya. Wani tsoho mai suna Malam Buwayi yana kan tsani yana karantawa, mutane zaune a ƙasa birjik. Na durƙusa na faɗi matsalata.

Ya ce, "Tambaya mai kyau, baiwar Allah. Za mu fara daga ranar da mutum biyu suka fara jayayya a kan inuwar bishiya ɗaya. Nan da shekara bakwai za mu iso kan koguna."

Na miƙe zan fita, masu gadi suka gitta sanduna. Ashe dokar zauren ita ce, wanda ya yi tambaya ba ya fita sai an kai shi ƙarshen littafi. Wani mai furfura kusa da ni ya matsa mini tabarma ya ce, "Zauna, ƙanwata. Ni ina saurayi na zo tambaya a kan akuyar da ta ci mini wake."

Kwana biyu na yi a zauren nan ina kuka a cikin gyale. Ina ta ƙiyasta ruwa, ina tunanin ko Yelwa tana cin abinci, ko jaririyar ta kama nono. Rana ta uku, ina kallon igiyoyin nan da ake ja, sai sana'ata ta faɗo mini a rai. Na ɗaga hannu.

"Allah gafarta Malam, ni mai kitso ce. Mu in za mu tsefe kai, ba daga tushe muke kamawa ba, daga jela muke farawa. Dokarku ta ce a kai mutum ƙarshen littafi. Ta hana a fara kai shi can?"

Malam Buwayi ya ɗago kai daga littafin. Ya sauko daga tsani, ya duba dokar da ke rubuce a bango, ya sake dubawa. Sa'an nan ya yi wata 'yar dariya kamar yaro. "Shekara arba'in ina karanta littafin nan, ban taɓa ganin shafinsa na ƙarshe ba. Wallahi ni ma ina so in gani."

Maza takwas suka kama igiya. Da shafin ƙarshe ya buɗu, layi biyu ne kacal a ciki: al'amuran kogunan da ke tsakanin ƙasa da ƙasa ba a nan ake ajiye su ba, suna Gidan Alkawura, bayan Kwazazzabon Mahawara, a mafarin Kogin Kwaranga. Masu gadi suka janye sanduna. Ina fita na ji mai akuya yana ihu, "Malam, ni ma a tsefe mini!"

Kwana takwas na yi a ƙafa, ina yi wa matan ƙauyuka kitso suna ba ni tuwo da wurin kwana, har na iso kwazazzabon. Zurfinsa, in ka jefa dutse sai ka gaji da jira ba ka ji ƙararsa ba. Gadar da ke kansa gungumen itace ne guda ɗaya, an ɗora tsakiyarsa a kan wani tsinin dutse kamar ma'auni. A kowane ƙarshe akwai malami zaune da tulin littattafai. Na wannan gefen Malam Jatau, na wancan gefen Malam Duna. Tare suka yi karatu tun suna yara, kuma tun lokacin suke musu ɗaya. Duk wanda ya kawo hujja mai nauyi sai gefensa ya yi ƙasa, ɗayan ya yi sama, don haka gadar ba ta taɓa tsayawa. Matafiya na zaune a bakin ramin, wasu har sun shuka gero.

Malam Jatau yana cewa, "Doka ita ce abin da hukuma ta rubuta ta buga wa hatimi, kai mai kan tulu!" Gefensa ya yi ƙasa.

Malam Duna ya amsa daga sama, "Rubutun da ya saɓa wa adalci ɓarnar tawada ce, tsohon banza! Ka sha maganin tarin da na aiko maka?"

"Na sha. Ɗaci kamar hujjojinka."

Na matsa na gaishe su. Na ce, "Malamai, ni ban san waɗannan manyan maganganu ba. Jikata ce dai aka haifa a kan rairayi a tsakiyar kogi. Malam Jatau, ka ce doka ita ce abin da hukuma ta rubuta. To hukumomi biyu sun rubuta cewa ba tasu ba ce, ruwa kuma yana zuwa. In bar ta ke nan?"

Ya buɗe baki, ya rufe.

Na ɗaga murya. "Malam Duna, kai ka ce adalci ya fi rubutu. Na yarda. Amma bardawan nan biyu sun san adalci, ɗaya har kuka ya yi, kuma ba su bar ta ta sauka ba. Wane adalcin zan nuna musu wanda ba su sani ba?"

Shi ma ya yi tsit. A hankali gungumen nan ya daidaita, ya miƙe sambal. Na cire takalma na riƙe a hannu, na runtse ido ɗaya, na sheƙa a guje, sauran matafiya suka biyo ni da kayansu. Ina wuce Malam Duna ya ce a hankali, "In kin samo amsa ki aiko mana, 'yar'uwa." Ban kai ga amsawa ba na ji Malam Jatau ya ce, "Amma fa a babi na tara..." gadar ta koma rawarta.

Gidan Alkawura a cikin kogon dutse yake, kusa da idon ruwan da Kwaranga ke fitowa. A nan ake ajiye duk yarjejeniyar da wata ƙasa ta taɓa ƙullawa da wata, a kan yaƙi da sulhu, da jakadu, da hanyoyin fatake. Rufin kogon cike yake da saƙar zuma, don ƙudan zuman wurin su ke yin kakin da ake buga hatimi. Mai kula da gidan wata tsohuwa ce ƙanƙanuwa, Malama Dudu, idonta ɗaya ya yi fari.

Ta ce, "Kafin a buɗe littafi sai an rubuta sunan uwar mai ƙara. Sunan yanka, ba na wasa ba. Yaya sunan 'yar taki?"

Na sunkuyar da kai. Shekara ashirin da biyu bakina bai taɓa furta sunan nan ba. Na ce, "Malama, 'yar fari ce."

Ta yi murmushi ta miƙo mini alƙalami. "Ni ma ina da ɗan fari. Bakinki aka hana, ba hannunki ba."

Na rubuta, baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ta karanta a fili, "Saudatu." Ban san dalili ba, sai hawaye suka zubo mini. Suna ne mai daɗi, ashe.

Kwana uku almajiranta manya masu gemu suna bincike. Suka duba babin haihuwa, babu. Babin jarirai, babu. Babin baƙi da 'yan gudun hijira, babu abin da ya dace. Ranar nan kuma hadari ya haɗu a kan tsaunuka, aka yi ruwan farko. Ina tsaye a bakin kogo ina kallon idon ruwan nan yana kumbura.

Na koma ciki na ce, "Malama, ku yi haƙuri da jahilcina. Kuna ta neman ta wace ƙasa ce jaririya. Ai an ce ta inda aka binne mabiyiyarta ce. Ku bar jaririyar, ku duba mini rairayin. Shi na wane ne?"

Malama Dudu ta buga sandarta a ƙasa. "Kun ji ko, masu gemun banza? Ku ɗauko babin tsibirai!"

Aka sauko da wani littafi da gara ta ci gefensa. A ciki akwai sulhun da Darzuma da Kilbasa suka yi shekara ɗari uku da suka wuce, bayan yaƙin da suka gwabza a kan kamun kifi. Ga abin da ya ce: duk tsibirin da kogi ya fitar, na ƙasar da aka hura wuta da itacenta a kansa ne, kwana arba'in a jere wutar ba ta mutu ba, kuma kifin da ke kewaye da shi nata ne.

Wani almajiri ya ce, "To wa zai zauna a kan rairayi yana hura wuta kwana arba'in?"

Ni da Malama Dudu muka dubi juna, muka fashe da dariya. Ta ce, "Wannan bai taɓa ganin mai jego ba."

Littafi ba ya fita daga gidan, kuma mai ƙara shi ke kwafa da hannunsa. Ƙudan zuman nan ba sa zuba kaki a kan kwafin da ke da kuskure ko na ɗigo ɗaya. Na farko suka kewaye shi suka tashi. Na biyu ma haka. Na uku na yi wuni guda a kansa, layi huɗu, harshena a waje kamar 'yar koyo. Suka sauka a kai, suka bar kaki rawaya mai ƙamshi, Malama Dudu ta danna hatimi.

Ta haɗa ni da masu safarar gungume, waɗanda dorinai ke ja musu kaya a ruwa. Kwana goma muna gangarowa, ambaliya na bin bayanmu. Ban ji tsoron dorina ba, don wani tsoron ya fi shi. Wankan jego safe da yamma ne. In Yaya Kandala tana kashe wuta tsakanin wanka da wanka fa?

Rana ta talatin da uku na hango tsibirin. Ya ragu da rabi. Hayaƙi na tashi kusa da wata 'yar bukka. Tun kafin in sauka na ƙwala kira, "Yaya! Wutar nan ta taɓa mutuwa?"

"Ba sallama ba gaisuwa? Haka aka koya miki a birnin malaman?"

"Don Allah, Yaya!"

Ta kawar da kai tana gyara itace. "Ƙyastuna na kunna wuta ya faɗa ruwa tun ranar farko, bayan na hura ta. In ta mutu da me zan tayar? In aika gari a ce Kandala ta kasa riƙe wuta? Ko gyangyaɗi na yi da ido ɗaya nake yi."

Na rungume ta, tana ture ni tana cewa ina warin dorina. Yelwa ta fito daga bukka ta yi ƙiba, fatarta na sheƙi, jaririya a kafaɗa.

Na aika wa bardawan biyu. Suka zo, kowanne da alƙalin ƙasarsa, suka tsaya a cikin kwalekwale. Na karanta musu takardar da yatsana. Da na kai wurin kifi, na ga idon alƙalan ya buɗe.

Na Darzuma ya ce, "Itacen wace ƙasa ake hurawa?"

Yaya Kandala ta ce, "Ɗana yana kawo marke daga gabas kullum. Maƙwabtan Tabawa kuma suna aiko da ƙirya daga yamma. Ni duk wanda ya bushe shi nake turawa."

Sai gardama ta kaure. Wannan ya ce tsibirin Darzuma ne, wancan ya ce na Kilbasa ne. Har rariya suka sa aka kawo suna tankaɗe toka, wai za su gane ta marke da ta ƙirya. Amma dukansu sun san in wutar ta mutu kafin arba'in kowa ya rasa. Bardawan da suka hana mu sauka su ne suka koma ɗauko mana busasshen itace, suna tare mana iska da garkuwa.

Ruwa kuwa bai fasa zuwa ba. Ya ci bukka, ya ci wurin shanya. Muka riƙa tara rairayi da ƙwarya muna ɗaga murhu. Ranar arba'in da hantsi, abin da ya rage bai fi tabarma biyu ba. Mu uku muna tsaye a kai, ruwa na lasar dugaduganmu, alƙalai na ta musu.

Ban san inda na samo muryar ba. Na ce, "Allah ya ba ku nasara, arba'in ta cika, ga wuta tana ci. Ku yi ta shari'arku har shekara ɗari. Amma mabiyiyar yarinyar nan tana cikin rairayin nan. Duk wanda ya ce tsibirin nasa ne, to ita ma tasa ce. Wanda ya ƙi ta, ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da tsibiri."

Ban taɓa ganin tsofaffi sun yi sauri irin na ranar ba. Na Kilbasa har ya ɓarar da tawada a rigarsa. Kafin ruwa ya kai mana idon sawu, an rubuta jikata a littafin Darzuma, an rubuta ta a na Kilbasa, kowanne yana rantsuwa shi ya riga. Muka shiga kwalekwale. Muna kallo ruwa ya hau murhun, wutar ta yi cuu.

Mai fito ya riƙe sanda ya ce, "To, iyaye, gabas ko yamma?"

Na dubi Yelwa. Arba'in ta cika, kuma a al'ada ranar ce mai jego ke komawa ɗakin mijinta. Ɗakin da na share mata, da gadon da na gyara, da garin kunun da na daka, duk ba ta gan su ba. Ban yi mata wanka ko sau ɗaya da ruwan gidana ba. Duk da haka na ce, "Gabas. Hakkinsu ne."

Yaya Kandala ta harare ni. "Ji ta, daga zuwa birni ta zama alƙali. Ni na sha kukan yarinyar nan kwana arba'in, bayana kamar zai karye. Yanzu kuma ki ce in tafi da su? Kai, mai fito, yamma! Ta je ta ɗanɗana ita ma. Wata guda, Tabawa, kuma ki dawo mini da su da ƙibarsu." Tana faɗa tana share ido da bakin zani, wai hayaƙi ne.

Da muka isa gaɓar Darzuma, na karɓi jaririyar daga hannun uwarta. Na durƙusa a gaban barde da jama'ar gari, na dangwala 'yar ƙafarta a ƙasa. Ta ji sanyin laka, ta naɗe ƙafa, ta tsala ihu har sai da tsuntsaye suka tashi.

Na ce, "Yi kukanki da ƙarfi, ƙawata. A garinku kike."

Nan tafiyata ta tsaya, nan kuma alƙalamina ya gaji. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda baƙi ya karkace ku yafe wa mai kitso.